Yadda Ake Haɗa Koktel Marar Giya a Gida, Daga Chapman Zuwa Zoɓo Mai Sitiroberi

A wajen dinar bikin 'yar ƙanwar mahaifiyata ne, a wani ɗakin taro da ke Rayfield a Jos, na tsaya gaban teburin mai haɗa lemo ina jiran Chapman ɗina. Ya zuba ƙanƙara, ya zuba jan ruwa, ya buɗe Fanta da Sprite, sai na ga ya ɗauko wata 'yar kwalba mai murfi ruwan ɗorawa, takardar jikinta ta fi ƙarfinta har ta zarce kafaɗar kwalbar. Ya girgiza ta sau huɗu a kan kofin. Na ce, "Malam, ɗan ba ni in gani." Angostura ce. A jikinta an rubuta kashi 44.7 cikin ɗari giya ne.

Yaron bai yi da wata manufa ba, haka aka koya masa, kuma haka ake haɗa Chapman a mafi yawan otal-otal. Wani likita Bajamushe, Johann Siegert, ne ya fara yin wannan ruwan ɗaci a 1824 a garin Angostura na Benezuwela, a matsayin maganin ciki, yanzu kuma a tsibirin Tirinidad ake yin sa. Ɗigo kaɗan ake sawa. Hukuncin ɗigon nan kowa ya tambayi malaminsa, ni dai tun daga daren na koma haɗa abina a gida, inda na san abin da ya shiga kofina.

Sai dai kuma yaron nan ya koya mini wani abu ba tare da ya sani ba. Da na cire ɗigon gaba ɗaya, Chapman ɗin ya zama ruwan alewa, ka sha rabi ya gundure ka. Ashe ɗacin nan ne ke riƙe da zaƙin. Duk sirrin koktel, wato haɗaɗɗen abin sha irin su Chapman, mai giya da marar giya, yana cikin daidaita abu huɗu: zaƙi, tsami, ɗan ɗaci ko yaji, sai sanyi. Ɗaya ya yi rinjaye, an ɓata sauran. Mu kuwa matsalarmu kullum zaƙi ne ke danne kowa.

Kayan aikin duk suna kicin ɗinki, uwargida. Kwalbar Bama da ta ƙare, a wanke ta da ruwan zafi har ƙamshin ya fita, ita ce abin girgizawa, muddin murfinta na kamawa gam. Sai rariyar shayi, wuƙa mai kaifi, muciya ƙarama ko tabaryar turmin daka yaji da aka wanke sosai, da cokalin cin abinci. Cokalin nan shi ne ma'auninki, yana ɗaukar kusan mililita 15. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a nan ban yarda da ido ba. Rabin cokalin lemun tsami ya ƙaru, ɗanɗanon ya tashi daga inda kike so. Ki auna har hannunki ya saba.

Abu na farko da za ki tanada shi ne ruwan suga, tun ana gobe. Suga ba ya narkewa da kyau a ruwan sanyi, yana kwanciya ne a gindin kofi, baƙo ya sha tsami a sama ya tarar da tsakin suga a ƙasa. Ki zuba kofi ɗaya na suga da kofi ɗaya na ruwa a tukunya, wuta kaɗan, kina juyawa har ruwan ya yi garau. Kada ki bari ya fara yin ja. Ya huce, ki ɗura a kwalba mai tsabta ki sa a firij, zai kai mako uku zuwa huɗu. Idan kin ga ya fara yin gajimare, ki zubar.

Daga wannan tukunyar kike fitar da 'ya'ya. Ki yanka ɗanyar citta mai girman babban yatsa biyu, sirara-sirara, ki jefa a ciki ta dahu minti goma, kin sami ruwan suga mai citta, wanda shi ne ke ba moktel, wato koktel marar giya, ɗan cizon nan a maƙogwaro da masu giya ke samu daga giyarsu. Ki yi na zoɓo kuma: kofi ɗaya na busasshen zoɓo, ki ɗauraye shi sau biyu saboda yashi, ki tafasa da ruwa kofi biyu na minti goma, ki tace, sannan ki auna ruwan da ya fito ki zuba masa suga daidai yawansa. Ban da kanwa. Na san wasu na jefa ta a zoɓon sha don kashe tsami, amma tana mayar da jan nan mai sheƙi zuwa wani launi mai duhu kamar rini, alhali tsamin da launin su muke nema. Wannan ruwan zoɓon ya ishe ki a madadin girenadin, jan ruwan da ake sawa a Chapman. Asalin girenadin daga rumman ake yin sa, amma yawancin na kanti yanzu suga ne da kala, ki duba jikin kwalbar ki gani da idonki.

Sai magajin Angostura. Ki feƙe ɓawon lemun zaƙi guda biyu, ki bar ɗan farin nan na ciki a jiki domin a nan ɗacin yake. Ki haɗa da kanumfari shida, ɗan sandan kirfa, masoro huɗu da aka fasa, da ruwa kofi ɗaya. Ki rufe tukunya ya yi ta ɓararraka a hankali minti goma sha biyar, ki sauke ki bar shi a rufe har ya huce, sannan ki tace. Ki ɗanɗana: ya kamata ki ɗan yamutsa fuska. Tunda babu giyar da za ta tsare shi, ba ya wuce mako guda a firij, don haka kada ki yi da yawa. Ranar da ba ki da lokaci, Schweppes Bitter Lemon ko ruwan tonik za su rufa asiri, dukansu akwai kwinin a ciki, shi ke ba su ɗacin.

Ƙanƙara fa, mutane na raina ta, alhali rabin abin da ke kofin ita ce, kuma za ta narke a sha ta. Ƙanƙarar leda da ake saya a bakin titi ta sanyaya kwalabe ce a cikin kula, ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba. Ki tafasa ruwanki, ya huce, ki zuba a robobin bota da suka ƙare ki sa a firiza. Idan ta daskare ki naɗe ta a tawul mai tsabta ki ba ta tabarya biyu uku. Manyan gutsattsari sun fi 'yan ƙanana jimirin zama a kofi, kuma ko an ɗauke wuta babban dunƙule a cikin kula yana kwana. Sannan ki cika kofi da ita har baki. Mutane na tsoron yawan ƙanƙara wai za ta tsinka lemon, nan kuwa guda biyu da ke iyo a ruwa mai ɗumi su ne ke narkewa nan take.

Yanzu Chapman. A Legas aka haife shi, an fi danganta shi da kulob ɗin Ikoyi, kuma a babban kofin gilashi mai mariƙi ake shan sa. Ki cika kofin da ƙanƙara. Ruwan zoɓo mai suga cokali biyu, ruwan lemun tsami da kika matse yanzu-yanzu cokali biyu, ruwan ɗacin nan cokali ɗaya. Ki juya su tukuna. Sannan ki karkata kofin ki zuba rabin kwalbar Fanta da rabin Sprite ta gefe, a hankali, don kada gas ɗin ya tsere. Zallar ruwan suga ba ya shiga nan ko ɗigo, lemukan biyu sun riga sun zo da nasu har da ƙari. Kokwamba kuwa ba ado ba ce kawai. Ki yanka ta sirara, yanka biyar ko shida, ki tura su can cikin ƙanƙara, cikin minti biyu za ki ji ƙamshinta ya ratsa. A kasuwar Farin Gada ki zaɓi siririya mai tauri wadda ba ta fara yin rawaya ba, manyan nan masu ƙwallaye ruwa ne kawai. Yanka ɗaya na lemun zaƙi a bakin kofi, shi ke nan.

Wanda na fi ji da shi na zoɓo ne da sitiroberi, domin wannan mu 'yan Jos muka fi kowa hakki a kansa. Sanyin tsaunin nan, da ke sama da mita 1,200 daga doron teku, shi ya sa ake noman sitiroberi a Chaha ta wajen Vom, abin da mutanen Abuja da Legas ke biyan kuɗi mai kauri a kai musu. Da hunturu yake fitowa sosai, a ga masu talla da shi a 'yan robobi. Ki ɗaga robar ki leƙa ƙasanta, can ake ɓoye waɗanda suka fara laushi. Ki shinshina kuma, wanda ba ya ƙamshi ba zai yi ɗanɗano ba komai jansa. Kada ki wanke sai za ki yi amfani da shi.

Ga ma'aunin da masu haɗa koktel suka daɗe a kansa: biyu, ɗaya, ɗaya. Kashi biyu na jigon abin sha, ɗaya na tsami, ɗaya na zaƙi. Su jigonsu giya ce, mu namu dafaffen zoɓo ne mai kauri marar suga. Ki jefa sitiroberi huɗu a kwalbar Bama ki dandaƙa su da muciya. Ki zuba zoɓo cokali huɗu, ruwan suga mai citta cokali biyu, lemun tsami kuwa cokali ɗaya kacal a nan, tunda zoɓon da kansa mai tsami ne. Ki cika rabin kwalbar da ƙanƙara, ki ɗaure murfi, ki girgiza da ƙarfi da hannu biyu kina ƙirga goma sha biyar, har gilashin ya yi raɓa yatsunki su fara jin zafin sanyi. Girgizar nan tana sanyaya shi, tana kuma narkar da ɗan ruwan da zai sassauta kaifin tsamin. Ki tace ta rariya a kan sabuwar ƙanƙara, ki ƙarasa cika kofin da ruwan soda.

Soda daga ƙarshe, kullum, kuma a cikin kofi. Ƙanena Allah ya shirye shi ya taɓa zuba Sprite a kwalbar ya girgiza, yana kwance murfi abin ya yi tsiri har silin, farar shaddarsa ta Sallah ta koma ta masu rini. Har yau tabon yana nan a saman kicin ɗinmu.

Kafin ki miƙa wa kowa, ki ɗiba da cokali ki ɗanɗana. Lemun tsami ba ɗaya ba ne, na yau ya fi na jiya ruwa ko kaifi. Ya yi tsami, rabin cokalin ruwan suga. Ya yi zaƙi, 'yan ɗigon lemun tsami. Idan kuma kin ji komai ya daidaita amma abin ya yi lami, ki sa gishiri ɗan mitsitsi, abin da yatsa biyu suka ɗauka. Za ki sha mamaki.

Mohito na ƙasar Kuba ne, asalinsa da giyar rake ake yi, amma ya fi kowane sauƙin rabuwa da ita. Ganyen na'a-na'a goma, lemun tsami cokali biyu, ruwan suga cokali biyu, ƙanƙara, soda. Kuskuren da kowa ke yi shi ne daka ganyen kamar za a yi miyar kuka. Idan ya dagargaje ɗacin ciyawa yake saki, ga shi yana maƙalewa a haƙori. Ki ɗan danna shi sau uku huɗu da bayan cokali. Reshen da za ki soka a sama kuma ki ɗora a tafin hannu ki tafa sau ɗaya, ƙamshin zai tashi, hanci ya riga baki sha.

Akwai kuma na abarba da kwakwa, wanda mutanen Fotoriko ke kira fina kolada. Ni kunun aya nake sawa a madadin madarar kwakwa: kunun aya kofi ɗaya, abarba nunanniya yanka huɗu, dabino biyu da aka jiƙa, ƙanƙara, a markaɗa a blanda. A sha nan take, don yana rabewa idan ya zauna, kuma kowa ya san kunun aya ba ya haƙuri da zafi. Kada ki yi da madarar gari ko ta ruwa ki ajiye, ɗanyar abarba na da sinadarin da ke narkar da furotin ɗin madara, bayan ɗan lokaci sai ki ji ɗaci.

Idan baƙi ne da yawa, ranar suna ko yawon Sallah, ko maƙwabta sun shigo da Kirsimeti, ba za ki tsaya girgiza kofi ɗaya-ɗaya ba. Ki ninka ma'aunin a babban jog, cokali ya koma ludayi, ki haɗa komai ban da soda da ƙanƙara, ki sa a firij. Lemun tsamin dai a matse shi a ranar, wanda ya kwana ɗanɗanonsa na juyawa. Ana sallama ki zuba ƙanƙara a kofuna, ki zuba haɗin zuwa rabi, ki buɗe soda a gabansu. Mai ciki da mai shan maganin hawan jini ki gaya musu akwai zoɓo mai kauri a ciki, tunda yana sauke hawan jini, ki ba su na na'a-na'a. Mai ciwon suga kuma a yi masa da soda da lemun tsami da kokwamba zalla.

A watan Disamba da Janairu, lokacin da ake kwana da safa a Jos, ba mai karɓar kofin ƙanƙara a hannunki bayan magariba. Kayan nan dai su za ki juya: zoɓo mai kauri kofi ɗaya a tukunya, ruwan suga mai citta cokali biyu, ruwan ɗacin ɓawon lemu cokali ɗaya, ruwan lemun zaƙi rabin kofi. Ki ɗumama ba tare da ya tafasa ba, ki zuba a kofin shayi, ki soka kanumfari biyu a jikin yankan lemu ki jefa a sama. Kakata, Hajiya, da ta ce duk waɗannan haɗe-haɗen nawa shirmen 'yan boko ne, wannan kam idan ta shanye sai ta miƙo kofin ta ce, "Ke, saura a tukunyar?"