Yadda ake sauraron kiɗan tsofaffin wasannin bidiyo daga ainihin fayilolin na'urorinsu

Fayil ɗin kiɗan Super Nintendo guda ɗaya kilobayit 64 ne da 'yar ɗoriya, amma in ka ƙyale shi zai yi ta kiɗa har cajin wayarka ya ƙare. Dalili kuwa, babu sautin da aka naɗa a cikinsa. Abin da ke ciki umarni ne, irin wanda wasan yake bai wa cip ɗin sauti, wato ɗan ƙaramin sashen na'urar da ke fitar da sauti: wace murya za ta tashi, da wane amo, yaushe za ta yi shiru. Manhajar da za ka saurara da ita ce take kwaikwayon cip ɗin, ta buga kiɗan a nan take. MP3 kaset ne. Wannan kuwa makaɗin aka ba ka da kayan kiɗansa.

Fara da duba wutsiyar sunan fayil, wato haruffan da ke bayan ɗigo, domin ita ce za ta gaya maka na wace na'ura ce. NSF na Famicom ne, wadda Nintendo ya fitar a Japan a 1983, ta isa Amurka a 1985 da sunan NES. GBS na Game Boy ne na 1989. Waɗannan biyun kan haɗe kiɗan wasa gaba ɗaya a fayil guda, har da ƙarar tsalle da ta harbi. SPC na Super Nintendo ne, kuma kiɗa ɗaya fayil ɗaya: hoton abin da ke cikin ma'adanar cip ɗin SPC700 ne a daidai lokacin da kiɗan ya soma. Wannan cip kamfanin Sony ne ya ƙera wa Nintendo shi, shekaru kafin ya fito da PlayStation ɗinsa a 1994. VGM daban yake, don shi jerin saƙonnin da aka aika wa cip ne, an rubuce su ɗaya bayan ɗaya, kuma da shi aka fi adana kiɗan Mega Drive na Sega. In ka ga VGZ, VGM ne da aka matse. PSF na PlayStation ne, SID kuma na kwamfutar Commodore 64 ta 1982.

Sai manhaja. A Android, ZXTune ta fi sauƙi: tana buɗe yawancin waɗannan, kuma tana karanta su ko suna cikin zip. A iPhone akwai Modizer. Mai Linux ya duba Audacious. VLC ma yana buɗe NSF da SPC da GBS da VGM, sai dai don ɗanɗano kawai, ba shi da wurin gyare-gyaren da za mu zo kansu.

A Windows ni dai foobar2000 nake so, ko da yake sai an ɗan yi masa aiki. Ka sauke shi, sannan ka nemo ƙarin kayan aikinsa mai suna Game Emu Player ka sauke. Buɗe File, ka shiga Preferences, ka danna Components, sannan Install, ka nuna masa abin da ka sauke, ka bar shi ya sake tashi. Shi ke nan NSF da GBS da SPC da VGM sun samu. PSF da SID kowanne da nasa ƙarin, kuma hanyar sakawa ɗaya ce. Ka ja fayil ɗin NSF ka jefa cikin jerin waƙoƙi, za ka ga ya tarwatse zuwa layuka ashirin ko talatin. Kada ka tsorata in wasu daƙiƙa ɗaya ne kacal, ƙarar wasa ce ba kiɗa ba.

Fayilolin kansu masu sha'awa ne suka ciro su daga wasanni suka tara. VGMRips na tattara VGM, High Voltage SID Collection kuma tun 1996 take tara kiɗan Commodore 64, yanzu dubun-dubatai ne. Ka dai sani cewa kiɗan yana da masu shi, kamfanoni da mawallafa. Saurare a kunnenka daban, ɗora shi a bidiyonka ko sayar da shi daban.

In ka sauke kundin wasa, ka warware zip ɗin duka cikin folda guda, kada ka tsinci wasu ka bar wasu. Na taɓa zaɓar fayilolin minipsf guda biyar da suka fi burge ni, na tura waya, na bar wani ƙaton fayil mai wutsiyar psflib don ban ga sunan waƙa a kansa ba. Da na kunna, tsit. Ashe shi ne gidan: a cikinsa sautukan kayan kiɗa da shirin da ke buga su suke, ƙananan nan kuwa ba su ɗauke da komai sai bayanin wane kiɗa za a buga. Haka abin yake ga GSF na Game Boy Advance da USF na Nintendo 64 da 2SF na Nintendo DS. In kuma ka tarar da ƙananan fayilolin m3u kusa da NSF ko GBS, su za ka buɗe, domin su ke riƙe da sunayen waƙoƙi da tsawonsu.

Tsawon nan shi ne abu na gaba. Kiɗan wasa ba a yi shi don ya ƙare ba, zagayawa yake har ɗan wasa ya bar wannan wurin a cikin wasan. Fayil ɗin da aka rubuta masa lokaci zai tsaya da kansa. Wanda ba a rubuta masa ba, manhaja ce za ta yanke masa hukunci. Shiga saitin Game Emu Player ka sa tsawon da kake so da daƙiƙun da sauti zai ɗauka yana dusashewa. Ni minti uku nake sawa da daƙiƙa takwas. Ga VGM, zagaye biyu ya wadatar.

Yanzu ga inda daɗin yake. Tunda a gabanka ake buga kiɗan, kana iya rufe bakin kowace murya ka bar wadda kake so. Gwada da NSFPlay, ƙaramar manhajar Windows da aka yi don NSF kaɗai. Cip ɗin Famicom, Ricoh 2A03, muryoyi biyar gare shi: biyu masu kaifi da ke ɗauke da karin waƙa, ɗaya mai laushi da ke riƙe ƙasa, ɗaya ta shuu irin ta rediyon da bai kama tasha ba, sai ta biyar mai sakin gutsuren sautin da aka naɗa. Sa iyafis, ka kashe huɗu ka bar mai shuu ɗin. Za ka ji yadda aka gutsuttsura ta, gajere nan, dogo can, har ta zama ganguna. Koma kan mai laushin: ba ta da matakan ƙarfi, ko tana yi ko ta yi shiru, shi ya sa take tafe ɗoɗar ba hawa ba sauka. Sannan buɗe masu kaifin biyu tare. Sau da yawa abu ɗaya suke faɗa, ta biyun ta ɗan makara kuma a hankali, sai kunne ya ɗauka amsa-kuwwa ce. Cip ɗin ba shi da amsa-kuwwa, dabara ce kawai.

Wani fayil zai nuna maka muryoyi fiye da biyar. Famicom tana karɓar sauti daga cikin kaset ɗin wasa, shi ya sa Konami ya sa cip ɗin VRC6 mai ƙarin muryoyi uku a Castlevania III na Japan. NES ta Amurka ba ta da wannan hanyar, dole aka sake tsara kiɗan ya shiga biyar. Nemo duka biyun ka kunna su a jere.

In kiɗa ya zo maka da sauri ko nauyi fiye da yadda ka san shi, duba saitin yanki. Na'urorin Japan da Amurka sau 60 suke sabunta hoton allo a daƙiƙa, na Turai sau 50, kuma kiɗa da yawa da wannan bugun yake tafiya. A SID, cip iri biyu ne, 6581 na farko da 8580 na baya, kuma tacewar sautinsu ta bambanta, don haka ka bar manhaja ta bi wanda aka rubuta a fayil. SPC kuwa a kan 32 kHz yake fita, wato gutsuren sauti dubu 32 a daƙiƙa, da ɗan dishi-dishi. Wasu manhajoji na ba da damar wartsake shi. Ban cika so ba, don da dishin aka tsara kiɗan.

Don saurare a mota ko a na'urar da ba ta san waɗannan fayiloli ba, zaɓi waƙoƙin a foobar2000, danna dama, shiga Convert, ka mai da su FLAC ko MP3. Ka tabbata ka kashe zaɓin kiɗa ba tsayawa kafin ka fara, kuma ka ajiye na asalin, don MP3 ba ya bari a rufe bakin murya ko ɗaya.