Yadda Ake Renon Ƙwayoyin Tsokar Zuciya a Ɗakin Gwaje-gwaje

Ƙwayoyin tsokar zuciyar babban mutum kusan ba sa rabuwa su hayayyafa, saboda haka ba a iya yanko su daga jiki a yawaita su a faranti. Abin da aka fi yi yanzu shi ne a fara da ƙwayoyin asali da ake kira iPS, wato ƙwayoyin jiki da aka juya su koma yadda za su iya zama kusan kowace irin ƙwaya, waɗanda Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto a Japan ya samar daga ƙwayoyin ɓera a 2006, da na ɗan Adam a 2007, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2012. Hanyar da za a bayyana a nan ita ce wadda ɗakin binciken Sean Palecek na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya wallafa a 2012.

Da farko ana shafe gindin faranti da Matrigel, wani haɗin sunadarai mai yauƙi, domin ƙwayoyin su sami abin mannewa, a zuba su cikin ruwan abinci irin mTeSR1, a ƙara sinadarin Y-27632 a ranar farko don kada su mutu bayan an rarraba su. Ana ajiye farantin a inkubeta mai zafin digiri 37 da iskar kabon dayoksaid kashi 5 cikin ɗari, ana sauya ruwan kullum har ƙwayoyin su kusa rufe gindin farantin.

Daga nan sai matakin da ya fi kowanne buƙatar kula, wato kunna hanyar saƙon cikin ƙwayoyi da ake kira Wnt sannan a kashe ta. A ranar da ake lissafawa a matsayin sifili, ana mayar da ƙwayoyin cikin ruwan abinci na RPMI mai ƙarin haɗin gina jiki na B27 marar insulin, tare da sinadarin CHIR99021, wanda ke kunna Wnt ya karkata ƙwayoyin zuwa rukunin da zuciya ke fitowa daga gare shi a jikin tayi. Bayan awa 24 cif ana cire shi. A rana ta uku ana zuba sinadarin IWP2, wanda ke toshe wannan hanya ɗin, a bar shi kwana biyu. Yawancin aikin da ya lalace a nan yake lalacewa, domin adadin CHIR99021 da ya dace da wata zuriyar ƙwayoyin iPS yana iya kashe wata, kuma a ganina wanda ya gwada adadi uku ko huɗu a faranti ɗaya tun farko ya rage wa kansa asarar makonni. Insulin kuwa sai rana ta bakwai ake dawo da shi, don a farkon aikin yana hana ƙwayoyin zama na zuciya.

Tsakanin rana ta bakwai da ta goma sha biyu, idan aka duba ta maikiroskof, za a ga wasu wurare sun fara bugawa da kansu. Amma bugun ba ya nufin duk farantin na zuciya ne. Masu bincike a Jami'ar Keio sun nuna a 2013 cewa idan aka cire gulukos daga ruwan aka sa laktet, sinadarin da ƙwayoyin zuciya ke iya amfani da shi a matsayin abinci, za su rayu, sauran kuwa su mutu da yunwa. Bayan wannan tacewa ana auna sunadarin turoponin T na tsokar zuciya don sanin kashi nawa ne na zuciya. Ƙwayoyin da aka samu sun fi kama da na zuciyar tayi, don haka mai son gwajin magani yakan ci gaba da renon su na makonni, ko ya riƙa zaburar da su da lantarki don su ƙara kama da na babban mutum.