Yadda za a rage haɗarin zaiba da dalma a kifin kogi da tafki

Kifin da ya tara guba ba ya wari, kuma launinsa ba ya sauyawa. Saboda haka aikin yana farawa ne tun wajen zaɓe, kafin a kai ga wuƙa.

A fara da tambayar ruwan da aka kamo shi. A guji na ƙasa da inda ake wanke zinariya da zaiba, ko inda majemu, marina da masu narka tsofaffin batura ke zubar da ruwa. Sabuwar madatsa ma abin lura ce, don ciyayin da ruwa ya shanye na ruɓewa, ƙwayoyin cutar cikin laka su mai da zaiba zuwa nau'in da ake kira metilmakuri, wanda jiki ke tsotsewa cikin sauƙi.

Sai irin kifin. Mai cin 'yan'uwansa, kamar giwan ruwa, yana gadon gubar duk abin da ya haɗiye, kuma tana ƙaruwa da shekarunsa. Mai cin ganye da gansakuka, irin karfasa, galibi ya fi sauƙi. Gara ƙanana uku da ƙato ɗaya.

Wajen gyara, a cire hanta, ƙoda, hanji da matsarmama tun ba su fashe ba, a yanke jajayen sassan numfashin nan na gefen kai a zubar. Nan dalma da kadmiyom, wani ƙarfe mai guba, suka fi taruwa. Dalma tana zama a ƙashi ma, don haka kada a daka ƙashin ko a tafasa kan kifin da ake shakka a sha romonsa.

Inda mutane ke kuskure shi ne zaton wuta na maganin komai. Zaiba a cikin tsoka take, manne da naman da ake ci. Suya, tafasa, gishiri ko lemon tsami ba sa fitar da ita. Banda da busarwa ruwa kawai suke korewa, sai gubar kowane giram ta ƙaru.

Ga lissafin. Kwamitin masana na hukumomin lafiya (WHO) da abinci (FAO) na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa iyaka a 2003: maikirogiram 1.6 na metilmakuri ga kowane kilo na nauyin mutum a mako (maikirogiram dubu ne miligiram ɗaya). Mace mai kilo 60 iyakarta maikirogiram 96 ke nan a mako. Kifin da ke da miligiram 0.5 na zaiba a kilo, wato iyakar da Tarayyar Turai ta sa wa yawancin kifaye, giram 150 nasa na ɗauke da maikirogiram 75. Ci biyu a mako ya zarce.

Mai ciki, mai shayarwa da ƙananan yara su tsaya ga ƙananan kifaye daga ruwa daban-daban, ba wai su daina cin kifi ba, don zaiba na ratsa mahaifa ta taɓa ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Wanda ya daɗe yana cin kifin ruwa ɗaya ya fara jin mutuwar yatsu ko leɓe, ko tangaɗi a tafiya, ya nemi gwajin jini ko na gashi. Jiki kan ɗauki kusan kwana 50 kafin ya rage rabin abin da ya tara.