Yadda ake cire hita mai yoyo daga karaban

Karaban ɗin da ake ajiyewa a wuraren gini a Katsina, wanda wasu ke kira kwantena, jikinsa ƙarfe ne, daɓensa kuma galibi katako. Shi ya sa yoyon hitar ruwa a cikinsa ya fi na gidan bulo haɗari: ruwa yana ruɓar da katakon, idan kuma ya taɓa wayar wuta, duk jikin ɗakin zai iya ɗaukar lantarki.

Kafin ka taɓa sifana, goge hitar da busasshen tsumma ka duba inda ruwan ke tsattsafowa. In daga mahaɗar bututu ne, galibi sake ɗaure mahaɗar da farin tef na famfo ya isa. In kuwa daga jikin tankin ne, ga jan ruwan tsatsa yana gangarowa, to ta gama aiki, sai cirewa.

Fara da wuta. Don Allah kada ka ce ai kamfanin wuta na KEDCO sun ɗauke, domin za su iya dawo da ita hannunka na kan waya. Kashe makunnin hitar, ka sauke babban makunni, ka raba layin janareta da na sola in akwai. Sannan ka sa tasta ka tabbatar. Bar ruwan ya huce sosai.

Sai ka rufe famfon da ke kawo ruwa daga tankin sama. Buɗe famfon ruwan zafi na banɗaki ka bar shi a buɗe, saboda ta nan iska za ta shiga, in ba haka ba ruwan zai maƙale a ciki. A ƙasan hitar akwai bututu biyu, mai shuɗiyar alama na sanyi, mai ja na zafi. Tara bokiti ka kwance na sanyin, ta nan ruwan zai fito. Nan ne mutane ke gaggawa, kuma nan ake jin ciwo. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan hita mai lita 30 tana ɗauke da kilo 30, ban da nauyin ƙarfenta da daskararren gishirin ruwan bohol da ya taru a gindi. Jira har ɗigon ya tsaya.

Buɗe murfin roba na ƙasa, ɗauki hoton wayoyin da wayarka, sannan ka kwance su, ka naɗe kan kowace daban da salatif na lantarki. Kwance bututun zafi.

Saukewa aikin mutum biyu ne. A kan ƙugiyoyi take rataye, ɗaga ta sama kaɗan za a yi sannan a jawo. Kada a fizga, bangon karaban ba kauri gare shi ba.

Toshe bakin bututun biyu da marfi mai zare kafin ka maido da ruwa. Taka katakon da ke ƙarƙashin wurin. In ya lotsa, kira kafinta ya sauya shi kafin a rataya sabuwa, tun sanyin Disamba bai shigo ba.