Yadda ake shiga gudun daji na awanni tare da kulob, ba tare da kujera ta cinye maka lokaci ba

Akwai wani nau'in tsere da yawancin mutane basu saba dashi ba, ba'a ce maka ga kilomita kaza ka gudu ka iso layin ƙarshe, a'a, lokaci ake baka. Awa 6, awa 12, wani ma awa 24, sai a nuna maka turba a cikin daji ko kan tuddai wadda take zagayowa ta dawo inda aka fara, kai dai kayi ta zagaye har agogo ya cika, wanda yafi kowa tara nisa shi yaci. Abin daɗin shine kusan babu maganar wane ya kasa ƙarasawa, in zagaye uku kayi za'a rubuta maka uku, in ashirin kayi ashirin ɗinka. Shi yasa nake ganin ga wanda yake so ya wuce nisan marathon (kilomita 42.195) karon farko, babu hanya mai sauƙi kamar wannan, musamman in yana da kulob a bayansa. Toh ga yadda ake.

Mataki na farko: karanta dokar gasar, sannan kayi lissafi

Kafin ka cike fom ɗin rajista ka nemi amsar abu huɗu: tsawon zagaye ɗaya, yawan hawan da ke ciki, ko dare zai same ku, da kuma yadda suke ƙirga zagayen ƙarshe. Wannan na ƙarshen mutane suna raina shi alhali yana sa kuka. Wasu gasar cikakken zagaye kawai suke ƙirgawa, wato in agogo ya buga saura maka mita 200 ka iso to duk wannan zagayen ya tafi a banza, wasu kuma in lokaci ya kusa sai su maida ku ƙaramin zagaye don a auna ragowar. Ka sani tun daga gida.

Sabon shiga ya ɗauki awa 6, ko in yana da ɗan tarihi a gudu mai nisa ya ɗauki 12. Ka bar 24 tukuna. In kulob ɗinku zai shiga a matsayin tawaga ta karɓa-karɓa, wannan ya gudu ya dawo ya miƙa wa wancan, shima ƙofa ce mai kyau, zaka ga yadda abin yake ba tare da ka ɗora wa ƙafarka duka nauyin ba.

Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Muce zagaye kilomita 5 ne, gasar awa 12, kana son kilomita 60. Zagaye 12 kenan, kowanne awa ɗaya har da tsayuwarka. Kilomita 5 a awa ai saurin mai tafiya da hanzari ne ko? Kaga ashe ba gudun zomo ake nema ba. Sai dai turbar daji ba kwalta bace, saiwoyi da duwatsu da hawa zasu rage maka sauri fiye da yadda kake zato, don haka duk saurin da ka saba yi a titi ka rage masa.

Mataki na biyu: shiga kulob tun da wuri

Ba wai ranar gasa zaka ɓullo ka karɓi riga ba. Ka fara fita atisaye dasu aƙalla wata uku kafin ranar, saboda a nan zaka gane wanda tafiyarku tazo ɗaya, a nan kuma zaka ji labarin turbar daga bakin waɗanda suka taɓa yinta, ina santsi yake in anyi ruwa, wane hawa ne yake karya mutane. Kuma gaskiya fita daji kai kaɗai na tsawon awa huɗu ba dabara bace, in kayi targaɗe waye zai kama ka?

Ka tambayi kocin ko kyaftin ɗin yadda suke tsara ranar: shin suna kafa rumfa a bakin wurin farawa, waye zai zauna a rumfar, akwai wanda zai raka mutum da dare in doka ta yarda (wasu gasar basa yarda da ɗan rakiya, wannan ma a karanta). Wanda zai zauna maka a rumfa yafi sabon takalmi muhimmanci, zamu dawo kansa.

Mataki na uku: tirenin

Abin da kake koya wa jiki shine daɗewa a tsaye. Sati yazama kana fita sau huɗu ko biyar, mafi yawa a hankali ta yadda zaka iya hira kana gudu, sannan sau ɗaya ka fita mai tsawo kana ƙara masa kaɗan kaɗan, kuma da lokaci zaka auna shi ba da nisa ba, awa biyu, biyu da rabi, uku, haka. Kar ka ƙara nauyin sati da yawa lokaci guda, kusan kashi 10 cikin 100 ake yawan ba da shawara, kuma duk sati na uku ko na huɗu ka sassauta jiki ya murmure. Masu wannan harka suna da wata dabara ta haɗa dogayen fita biyu a jere, yau awa uku gobe awa biyu a kan gajiyayyar ƙafa, don jiki ya san yadda awa ta tara take ji ba sai ka kashe kanka a rana ɗaya ba.

Ka koyi tafiya. Eh, tafiya. Mutane suna jin kunyar a gansu suna takawa a tsere, amma manyan masu gudun daji ma tafiya suke a hawa mai tsini, hannu a kan cinya suna turawa. Kuma ka koyi gangara don ita ce mai cin naman cinya, hawa numfashi yake ci ya barka, gangara kuwa sai bayan awanni zaka ji aikinta lokacin da gaban cinyarka yaƙi lanƙwasuwa. In dare zai same ku, ka fita sau biyu ko uku da tocilar goshi, inuwar dutse da dare daban take. Saura sati biyu ko uku ka rage tirenin sosai, ba'a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na huɗu: kaya da abin ci

Takalmin daji mai haƙora a ƙasa, wanda ka riga ka saba dashi, kuma ya zama da ɗan fili a gaba don ƙafa tana kumbura bayan awanni, in ya matse farcen babban yatsa ne zai biya. Safa wadda ba auduga ba, kazo da spaya biyu ko uku. Baselin a matsematsi, hammata, tsakanin yatsu da duk inda riga take gogar fata, ka shafa kafin a fara ba sai ya fara zafi ba. Filasta don bororo. Tocila da batirin canji. Riga mai ɗumi don dare, don gajiyayyen jiki sanyi yake kama shi da sauri da zarar ya tsaya. Da yake zagaye ne, ba sai ka goya komai a baya ba, gorar ruwa ɗaya a hannu ta isa, sauran kaya suna rumfa.

Maganar ci kuwa, sukarin da jiki yake ajiyewa a nama da hanta bai fi ya kai ka awa ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki mai ƙarfi ba, bayan nan sai abin da ka zuba. Ana ba da shawarar giram 30 zuwa 60 na sitaci ko sukari a kowace awa, wanda cikinsa ya saba yana iya kaiwa 90 a dogon tsere. Ayaba matsakaiciya ɗaya bata wuce giram ashirin da 'yan kai ba, kaga lissafin. Ka fara ci tun awar farko, kaɗan kaɗan duk minti 20 ko 30, kar ka jira yunwa. Bayan awa biyar zaƙi zai gundure ka har ganinsa ma tashin zuciya, shi yasa ake ajiye abu mai gishiri kamar dafaffen dankali ko romo mai zafi. Duk abin da zaka ci ranar ka riga ka gwada shi a tirenin.

Ruwa kuma ka sha gwargwadon ƙishi, kar ka ɗura. Yawan shan ruwa zalla yana tsinka gishirin jini, mutum ya fara ciwon kai, kumburin yatsu, amai, ruɗewa, kuma abin yana iya kisa, ba wasa ba. Sannan don Allah ka bar haɗiyar ibuprofen da danginsa a tsakiyar tsere don kashe ciwo, ƙoda dama tana shan wahala da rashin ruwa sai ka ƙara mata. In kana da hawan jini, ciwon suga ko matsalar zuciya ka ga likita kafin ma ka fara tirenin ɗin.

Mataki na biyar: ranar gasa, awannin farko

Kazo da wuri, ka karɓi lambar ƙirji da ɗan na'urar da take ƙirga zagaye, ka jera kayanka a rumfa yadda hannu zai kai ba sai an zazzage jaka ba. Da an busa, kowa zai fita kamar an koro shi, jikinka sabo, hira daɗi, ƴan kulob suna ihu. Ka ƙyale su. In zagayen farko bai baka haushi don sanyin tafiyarka ba to kayi sauri da yawa. Ka yi amfani dashi wajen karanta turbar, ka zaɓi wuraren da zaka taka da wuraren da zaka gudu, ga wancan hawan zan taka in ci wani abu, daga wancan icen zuwa gada zan gudu, ka riƙe tsarin nan tun kana da ƙarfi. Waɗanda suka wuce ka da safe da yawansu zaka same su zaune da la'asar.

Turba siririya ce, in zaka wuce mutum kayi magana ka faɗi ta gefen da zaka bi, in mai sauri ya taho bayanka ka matsa masa. Leda ko ɓawo a aljihu har rumfa. In ka tarar da wani ya faɗi ka tsaya, zagaye ba zai gudu ba.

Mataki na shida: rumfa

Nan ne ainihin gasar take, kuma nan ne alherin kulob yake iya juyewa ya zama tarko. A tseren da ba zagaye ba, in ka gaji a tsakiyar daji dole ka cigaba don babu inda zaka zauna. Anan kuwa duk awa sai ka wuce ta gaban kujera, ga abokai, ga inuwa, ga abin sha mai sanyi, wani ma har yana cewa zauna ka huta mana kayi ƙoƙari. Koma kan lissafinmu: minti 10 a kowane zagaye sau 12 minti 120 ne, awa biyu cur, kilomita 10 kenan ka bar wa kujera ba tare da ka ji ka huta ɗin kirki ba, ƙafar ma sandarewa take in ka tashi.

Abin yi shine tun kafin ka iso, saura kamar rabin kilomita, ka yanke abin da kake buƙata: cika gora, ayaba, baselin, shikenan. Ka faɗa da baki tun daga nesa, a miƙo maka, ka fita kana tafiya kana ci. Zama sai da dalili, canza safa ko gyaran bororo, kuma ka sa wani ya riƙe maka agogo ya tashe ka bayan minti biyar. Ku yi wannan yarjejeniyar da mai zaman rumfa tun kafin a fara, ka gaya masa in nazo ina cewa na gama kar ka yarda dani a karon farko, ka bani abinci ka ce in ƙara zagaye ɗaya ko da tafiya ne. Sau da yawa abin da mutum yake ɗauka ƙarshensa ne yazo, yunwa ce kawai, minti 20 bayan ya ci sai kaga ya dawo yana zolayar mutane. Amma ya san bambanci, in kana layi kamar mai maye, magana bata haɗuwa, ciwon ƙirji, ko fitsari ya koma kalar shayi mai duhu, wannan ba maganar ƙarfafa gwiwa bace, wajen masu ba da agaji za'a kaika kai tsaye.

Af, in kana son ganin inda wannan hauka take kaiwa, akwai salon da Gary Cantrell, wanda ake kira Lazarus Lake, ya ƙirƙira a jihar Tennessee ta Amurka, zagayen kilomita 6.706 a kowace awa, duk wanda bai dawo ya tsaya a layi kafin awa ta gaba ba ya fita, ana yi har sai mutum ɗaya ya rage. Zagaye 24 mil 100 ne daidai. A 2023 Harvey Lewis yayi zagaye 108 a can, kwana huɗu da rabi. A tseren awa 24 na kan titi kuwa Aleksandr Sorokin ɗan Lithuania ya tara kilomita 319.614 a Verona ta Italiya a 2022. Ba don ka gwada kanka dasu na kawo ba, kai da 60 ɗinka.

Mataki na bakwai: awar ƙarshe da bayanta

Kan ya gaji lissafi baya shiga, don haka bar wa ƴan rumfa su gaya maka ko lokacin da ya rage zai ɗauki wani zagaye, su duba lokacin zagayenka biyu na baya ba na safe ba. In akwai rarar minti biyar zuwa goma ka fita, abin mamaki ƙafar da tace ta mutu tana farfaɗowa in taji ƙarshe ya zo. In babu kuma gasar bata ƙirga rabi, ka tsaya ka tafa wa masu shigowa.

Da ka gama ka cire jiƙaƙƙun kaya nan take ka sa busassu, ka ci abinci ko baka sha'awa, ka ɗan taka kar ka zube. Kar ka tuƙa mota bayan awa 12 ko 24 a tsaye, ku shirya wanda zai tuƙa tun farko. Sati ɗaya zuwa biyu ka bar gudu mai ƙarfi, tafiya ta isa, kuma kwana biyun farko in matattakala ta gagare ka ka sauko da baya kana riƙe da ƙarfe, yafi sauƙi a cinya.