Yadda ake hawan tsaunin Breithorn da ɗan jagora cikin rabin yini

Breithorn yana kan iyakar Suwizalan da Italiya, tsayinsa mita 4,164. A cikin tsaunukan Alps da suka haura mita 4,000, shi ake ɗauka mafi sauƙin hawa, domin motar da ke tafiya rataye a waya tana ɗaukar mutum daga garin Zermatt, mai tsayin mita 1,600 da ɗoriya, ta sauke shi a tashar da ke kan dutsen Klein Matterhorn, mita 3,800 da ɗoriya, cikin kamar minti 45. Abin da ya rage a taka da ƙafa bai wuce awa biyu ba a hawa, awa ɗaya da 'yan mintoci a sauka. Wannan sauƙin ne yake ruɗar mutane. Jiki ya tashi sama da mita 2,000 kafin ya ankara, ga shi iskar da ake shaƙa a can ba ta kai kashi biyu cikin uku na wadda ake samu a bakin teku ba.

Saboda haka a kwana biyu ko uku a Zermatt tukuna. Kwana ɗaya kafin hawan, a je Gornergrat a jirgin ƙasa, mita 3,000 da ɗan kai, a yi 'yar tafiya, a dawo gari a kwana. Mai ciwon sikila kada ya kusanci wannan tsayi. Ko mai AS ya fara ganin likita, domin ƙarancin iska na iya taɓa saifa. Haka ma mai ciwon zuciya ko huhu.

A nemi jagora mai takardar shaida ta ƙungiyar jagororin tsauni ta duniya, IFMGA. Shi zai zo da igiya. Ɗamarar da ake ɗaure igiyar a jikinta, da ƙarafa masu haƙora da ake ɗaura wa takalmi, da takalmin kansa mai taurin ƙasa, duk ana samun hayarsu a shagunan gari. A gwada ƙarafan a jikin takalmin tun a shago. Wanda ya yi sako-sako a kan gangara zai kwance. Tufafi hawa uku: na ciki mai tsane gumi (ban da auduga, tana jiƙewa ta riƙe sanyi), na tsakiya mai ɗumi, sai jaket mai tare iska. A haɗa da safar hannu mai kauri, hula, ruwa lita ɗaya, dabino ko cakulan, man kare fata, da tabarau mai duhu sosai wanda ya rufe gefen ido. Hasken da ke tashi daga dusar ƙanƙara yana ƙona ido, zafin kuma sai da dare yake bayyana.

Da an fito daga ramin da aka haƙa cikin dutse a tashar Klein Matterhorn, sai a ɗan gangara zuwa wani fili shimfiɗaɗɗe fari fat. A nan ake ɗaura igiya, kuma a nan haɗarin yake, ko da yake ido ba ya ganinsa. Ƙarƙashin dusar akwai tsagogi masu zurfi a jikin daskararriyar ƙanƙara, dusa ta rufe bakinsu. Shi ya sa ake barin tazarar mita da dama tsakanin mutum da mutum, igiya a ɗan miƙe, ba ta jan ƙasa. Idan ta yi lanƙwasa, wanda ya rufta zai yi nisa kafin ta tare shi. Kada a taka ta, kada a taru wuri guda don ɗaukar hoto, a bi sawun jagora.

Daga gindin gangara jagora zai rage igiyar, a riƙa hawa ana karkacewa dama da hagu. Gangarar takan kai digiri 35. A ware ƙafafu kaɗan, domin haƙoran ƙarfe suna kama ƙafar wando su kayar da mutum, kuma a dasa tafin ƙafa gaba ɗaya. Tafiyar hawainiya ake yi: wanda ya kasa faɗin jimla ɗaya ba tare da haki ba, saurinsa ya yi yawa. Ɗan ciwon kai ba abin mamaki ba ne. Amai, jiri ko tangaɗi kuwa, a gaya wa jagora nan take, maganinsa sauka.

Ƙololuwar siririya ce, ɓangaren arewa kuma gangara ce mai zurfin gaske, don haka a tsaya inda aka ce a tsaya. Idan gari ya yi garau, ga Matterhorn, mita 4,478, a yamma, ga Monte Rosa, mita 4,634, a gabas, can nesa kuma Mont Blanc da Gran Paradiso. Minti goma ko sha biyar sun isa, iska ba ta bari a daɗe.

A kama motar farko ta safe. Da rana ta take, dusa tana laushi, murfin tsagogin yana rauni, dusar kuma tana dunƙulewa ƙarƙashin ƙarafa har haƙoran su daina kamawa. A riƙa buga gefen takalmi da sanda tana zubewa. Hazo ma yakan rufe filin har a rasa gabas da yamma, kuma a lokacin zafi hadarin tsawa da yamma ya fi tasowa. Idan jagora ya ce a juya, a juya, ko da saura ƙiris. A san lokacin motar ƙarshe ta sauka, a kuma adana lambar gaggawa 144 ko 112 a waya, wayar kuma a aljihun ciki, domin sanyi yana cinye batir.