Yadda malamar rabin aji zata ja iyayen yara a jiki a ƙauye

Shekarar da aka fara bani rabin aji, wato ajin ƙananan yara kafin su shiga aji ɗaya, a wata firamare a ƙauyenmu nan Jigawa, yara sun fi hamsin a rajista amma ranar da na samu ashirin a kan tabarma sai in gode Allah. Na rubuta takardar gayyata na ba kowane yaro ya kai gida, ranar mitin mutum huɗu suka zo, duk maza, kuma ba wanda ya san ko ɗansa ya karya kafin ya fito. Ba laifinsu bane, wadda ta san wannan tana cikin gida tana surfe, takardar boko kuma bata isa gareta ba. Abin da zan faɗa miki 'yar uwa malama duk a kan wannan ya tsaya, ke zaki fara taka ƙafa ki shiga gida, kuma zuwanki na farko kar ya zama na kuɗi ko na ƙarar yaro.

Kafin ki shiga gidan kowa ki sa hedimasta ya rakaki wajen mai unguwa da liman ku gaisa, a faɗa musu ga malamar ƙananan yara zata riƙa zagayawa. Wannan gaisuwar ta minti goma ita zata buɗe miki ƙofofi da yawa. In malami ne namiji to ya san iyakarsa zaure ko dakalin ƙofar gida, ya yi sallama da maigida bayan la'asar, saƙon cikin gida kuma ya nemi malama ko wata dattijuwa ta kai.

Lokacin shiga yana da muhimmanci sosai. Da safe mata na kan aiki, da yamma an ɗora tuwon dare, tsakanin azahar da la'asar shine zaki samu uwa ta zauna. Ki fara gaida uwargida ko da ɗan amarya ne a ajinki, in akwai tsohuwa a gidan ita ce farko, ki durƙusa ki gaisheta da kyau, ina wuni Inna, ya gida ya ƙarfin jiki. In an kawo ruwa ko fura ki sha ko kurɓi ɗaya ne. Kuma dan Allah ranar farko ki bar rajista da biro a jaka, domin da an ga ana rubuta suna wasu zasu ɗauka tallafi ne ya zo, in shiru ta biyo baya ke za a riƙe a zuci.

Abin da zaki tambaya ba yawa. Waye yake riƙon yaron, don sau da yawa tun daga yaye yana ɗakin kakarsa ko hannun gwaggo, in kika tsaya kina bin uwar da bayani kin yi aikin banza. Da wane suna ake kiransa a gida, don a rajista Muhammadu ne amma shi Abba ya sani ko Baffa, ki kira Muhammadu sau goma bazai waigo ba ki zaci taurin kai ne. Sai kuma ko yana da wata lalura, farfaɗiya, sikila, rashin ji sosai, ko tsoron wani abu. In ɗan fari ne zaki ga uwar ta kau da kai kamar bata damu ba, ko sunansa bazata kama ba, kar ki ce sakaci ne, alkunya ce, ki juya ki yi maganar da kishiyarta ko kakar, tana jin komai kuma ita zata fi kowa aiki da shi.

Daga nan sai ki tabbata labarin farko da ya fito daga bakinki mai daɗi ne, kuma na gaskiya. Yau ta ƙirga har goma, yau ya ba wani yaro rabin ƙosansa, yau bata yi kuka ba da yayarta ta tafi. Uwar da aka taɓa faɗa mata alherin ɗanta, ranar da kika zo da maganar cizo ko fitsari a wando zata saurareki, wadda kuwa bata taɓa ganinki ba sai da ƙara, da ta hango hijabinki gabanta zai faɗi.

Ƙorafin da zaki fi ji shine, wai malama su waɗannan ba wasa kawai suke ba? Kar ki ji haushi, kuma kar ki fara turanci. Ki kira yaron a gabansu ki zuba gyaɗa ko tsakuwa ki ce ya ware biyar, ki ce ya nuna wanne kara ya fi tsawo, ya yi musu waƙar da kuka koya. Ki gaya musu ɗan shekara huɗu ko biyar ta hannu da baki da kunne yake ɗaukar karatu, wanda ya saba riƙe gawayi yana zane a ƙasa shine bazai sha wahalar fensir ba a aji ɗaya. Sannan ki ba uwar aikin da bai buƙatar ta iya boko, ta sa shi ƙirga kaji in zasu shiga akurki, ya faɗi launin kwanuka, da daddare a yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a ce gobe ya kai wa malama. Ni na fi ganin amfanin wannan a kan duk wani aikin gida na littafi, domin uwar tana jin cewa da ita ake yi. Na taɓa gayyatar wata tsohuwa ta zo aji ta yi wa yara tatsuniya tace ita bata tatsuniya da rana, sai muka koma kacici-kacici da waƙoƙin gaɗa, kuma tun daga ranar jikokinta basu ƙara fashi ba.

Makarantar allo kar ki kuskura ki yi kishi da ita. Ki je ki gaida malamin, ki roƙi alfarma a riƙa sallamar ƙananan da wuri da safe su samu su sha koko su zo. In iyaye suka ga malamin allo na turo miki yara da kansa, rabin zargin da ake wa boko ya tafi.

Mitin kuma a yi shi, amma a duba rana, kar a sa ranar kasuwa. Wanda ke kusa da Maigatari ya san Alhamis ba kowa a gari, Gujungu da Dambatta Lahadi, Wudil Juma'a. Da damina kar a sa da safe, lokacin shuka da noman farko ba wanda zai bar gona, da kaka ma haka. Sanarwa a bar takarda, a ba liman ya faɗa bayan sallah, mai waya a tura masa saƙon murya a WhatsApp ko a kira. Na mata a yi shi daban a cikin gidan mai unguwa, da izinin mazajensu, a gayyato ungozoma don ita duk gari ba ɗakin da bata shiga. Kwamitin SBMC, wato kwamitin jama'ar gari mai kula da makaranta, dama akwai wakilcin mata a ciki, ki nemi waɗannan matan ki riƙe su da kyau, kar su zama suna a takarda kawai.

Maganar kuɗi ita ta fi saurin ɓata zumunci. Dokar UBE, wato ta ilimin bai ɗaya, ta 2004 ta ce karatun matakin farko kyauta ne a makarantar gwamnati, iyaye kuma sun sha jin haka a rediyo, don haka in ana buƙatar tabarma ko randa ko buta ko fo, kwamiti ya tara, ya sayo, ya nuna a bainar jama'a. Ke kar ki riƙe ko naira ɗaya. Wanda bashi da kuɗi ya kawo zana ko ya zo ya yi yaɓe, kuma kar a taɓa koro yaro gida saboda ubansa bai bayar ba.

Zaki ga abubuwa a jikin yara kafin kowa ya lura, zazzaɓi da damina, kunne mai ruwa, yaron da ke ramewa gashinsa na yin ja. Kar ki furta kalmar tamowa a gaban mutane, ciwo take wa uwa. Ki sameta ita kaɗai kice Maman wane naga kamar jikinsa ba ƙarfi, mu kai shi asibiti a auna damtsensa, in da hali ki rakata. Duk abin da idonki ya gani a gidan mutane, ko tukunyar da ba a ɗora ba ko rigimar kishiyoyi, ya tsaya a cikinki, in magana ɗaya ta fita daga ofishin malamai ta zaga gari to kin rufe wa kanki ƙofofi. In uba ya zo a fusace an ji wa ɗansa ciwo, ki fito dashi daga gaban yara, a bashi wurin zama ya gama faɗa tukuna, in da kuskurenku kice Baba a yi haƙuri laifinmu ne. Wasu kuma da kansu zasu ce miki ki riƙa zane shi, kice to, in ya yi ba daidai ba zan zo mu yi magana, amma bulala kam a kan ɗan shekara huɗu a'a.

Ku ma iyaye akwai naku. Ku faɗa wa malama wanda zai riƙa ɗauko yaro, musamman da damina da kududdufai ke cika, kar a bar shi ya biyo yayarsa yawon talla har yamma. In zaku tafi biki wani gari ko bashi da lafiya a aiko a faɗa. In ya dawo da wata magana a kan malama a zo a tambaya kafin a kai ta majalisa.

Suna da ta'aziyya da dubiya kuwa ki je, ko da sabulu ɗaya ne a hannunki. Ni ƙa'idar da na ɗora wa kaina ita ce yaro in ya kwana uku ban ganshi ba, ranar ta huɗu ana tashi ina ƙofar gidansu, kuma bana cewa me ya hana shi zuwa, cewa nake Inna kwana biyu ban ga mutumina ba, lafiya dai ko?